LUGU, GARIN SARAUNIYA: SUNA YA YI NISA, GARI NA NAN INDA YAKE

Duk wanda ya zauna bisa bencin lakwal a Nijar ya ji sunan Sarauniya Mangu. An rubuta littafi a kanta, an yi silima da ta zagaya ƙasashen duniya, akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai mai ɗauke da sunan sarautarta. Amma in aka tare mutum a Babbar Kasuwa aka ce ya kwatanta hanyar Lugu, garin da matar ta zauna har ta yi abin da ake yabo, sau da yawa sai ya yi shiru. Wani ma yakan zaci Lugu tatsuniya ce, ko kuwa kufai ne da ya daɗe da mutuwa. Alhali kuwa garin na nan da mutanensa, da gonakinsa, da sarautarsa, a cikin ƙasar Arewa.

Hanyar zuwa

Matafiyin da ya taso daga Yamai zai bi babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Doso ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Bayan tafiyar kimanin kilomita 270 sai ya hango duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai da suka ba Dogon Dutsi sunansa. Daga nan hanya takan hau tudu ta yi gabas, kimanin kilomita 40, har Dankasari. Lugu na arewa da wannan hanya, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, gabas da Matankari. Kwalta ba ta kai can ba. Tilas a sauka a bi turɓaya da tsakuwa, bisa babur ko amalanke ko mota mai ƙarfi, kuma da damina ƙorama guda na iya tsare matafiyi yini ɗaya.

A takardun mulki, Lugu ƙauye ne daga cikin ƙauyukan ƙaramar hukumar karkara ta Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso. Ba shi da hukuma tasa ta kansa, ba shi da baitulmali, ba shi da hatimi. Takardar haihuwa da maganar haraji da rabon duk wani aikin raya ƙasa, a Dankasari ake yanke su. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi karo na farko a 2004, aka rushe su a watan Afrilu na 2024, aka naɗa wakilan gwamnati a madadinsu. Ita ma tsohuwar gundumar Dogon Dutsi an raba ta a 2011. Kudancinta ya zama gundumar Tibiri, mai ƙunshe da Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa. Arewacin ya riƙe tsohon suna, da Dogon Dutsi da Matankari da Dankasari da Kiyeshe da Dogon Ƙirya da Sukukutan. Gundumomin biyu su ne zuciyar ƙasar da ake kira Arewa, wadda Zabarmawa ke ce wa mutanenta Mawri.

Fadama da fako

Ba a gane tarihin Arewa sai an gane shimfiɗar ƙasarta. Ƙashin bayanta shi ne Dallol Mawri, wani faffaɗan kwari da ya taso daga arewa ya gangara kudu har ya faɗa kogin Kwara kusa da Gaya. Dallol kalmar Fulatanci ce mai nufin kwari. A zamanin da Sahara take kore, shekaru dubbai da suka wuce, babban gulbi ne ke gudu a cikinsa. Gulbin ya ƙafe, amma ruwan bai tafi duka ba, ya koma ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa a cikin kwarin rijiya ba ta da zurfi, gawo da kuka suna girma, ana lambun rani a bakin tafkuna irin Tafkin Sau na Dogon Dutsi, can kudu kuma giginya ta yi daji guda. A 2004 aka sa kudancin kwarin cikin jerin wuraren dausayi masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Da an fita daga kwarin kuwa sai ƙasa ta sake fuska. Tudu ne mai jan dutsi da marmara, fako a nan, jigawa a can, sabara da geza da kalgo sun rufe wuraren da ba a nomawa. Ruwan ƙasa ya yi nisa, gina rijiya aiki ne na gari duka. Damina takan sauka daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan da ake samu a shekara yana kai da kawowa tsakanin milimita 400 da 600, shekara mai kyau da shekara maras kyau. Hatsi shi ne abinci, sai wake da dawa da gujiya da yakuwa. A irin wannan ƙasa Lugu yake, a gindin tuddai, da kurmi kusa da shi. Wurin ba ya jan ɗan kasuwa, amma yana ɓoye wanda ya nemi mafaka. Wannan hali na ƙasar ya yi wa garin rana a 1899, shi ne kuma ya bar shi a gefe tun daga lokacin.

Masu ƙasa da masu sarauta

Tsofaffin Arewa sun kasa mutanen ƙasar gida biyu. Akwai Gubawa, waɗanda suka riga kowa sarar daji, akwai kuma Arawa, zuriyar sarakuna. Labarin baka ya ce wata mace ce ta fito daga Daura da ƴan uwanta, suna biye da wani dutsi mai suna Tunguma, inda dutsin ya tsaya nan suka sauke kaya. Ita ce Sarauniya ta farko, ana kiranta Ƴar Ƙasa, mazauninta kuwa shi ne Lugu. Daga wannan tushe aka sari wasu garuruwa, babba daga cikinsu shi ne Bagaji, arewa da Matankari, inda Baura yake zaune. Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji su ne manyan ƴan ƙasa. A wurin mutanen da, su suka ƙulla alkawari da iskokin dajin, saboda haka ba a sarar sabuwar gona ko a fara shuka ko a fita farautar shekara sai da yardarsu.

Daga baya, in ji labarin, wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya biyo da mayaƙansa ya sauka Bagaji. Aka ba shi ɗiyar Baura, ta haifi Akazama, wanda ya zama Sarkin Arewa na farko. Daga sunan Ari aka sami Arawa da Arewa. Wannan aure shi ne tsarin mulkin ƙasar a taƙaice: baƙo ya riƙe doki da takobi, ɗan ƙasa ya riƙe ƙasa da abin da ke cikinta, sarki kuma ɗan ɗiya ne a gidan ƴan ƙasa, dole ya ga girman kawunnansa. Zuriyar Akazama ta yaɗu ta kafa sarautu a Matankari da Takatsaba da Tibiri, inda Samna yake. Masanin nan Bafaranshe Marc-Henri Piault, wanda ya daɗe yana bincike a yankin, ya tattara waɗannan labarai cikin littafinsa na tarihin Mawri da ya fito a 1970.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, a Gudu da Tafkin Kwatto, tafiyar ƴan kwanaki kaɗan ce daga Lugu. Arewa ta sha matsi daga Sakkwato da Gwandu. Da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a 1849, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, aka yi shekaru ana gwabzawa. Cikin wannan zamani duka Lugu ya zauna bisa addinin kakanni, wanda ake kiran mabiyansa Azna.

Ɗakin Sarauniya da dutsin shari'a

Baƙon da ya zo Lugu da zaton ganin fada mai soraye da dogarai zai sha mamaki. Sarauniya a bukka take zaune kamar kowace tsohuwar ƙauye. Farin zane take ɗaurawa, kaɗin auduga ne aikin hannunta, kuma tun ranar da sarauta ta faɗa kanta ta bar yawon duniya. Mutane ke zuwa wurinta, masu neman haihuwa da masu neman lafiya da masu neman damina mai albarka. Ba ta karɓar haraji, ba ta da runduna. Ƙarfinta yana ga abin da jama'a suka yarda tana riƙe musu.

Ba a neman sarautar, ba a kuma sayenta. In Sarauniya ta rasu akan yi abin da ake kira tarkama. A ɗora gawar bisa makara, maza su ɗauka, matan zuriyar suna zaune. Mutanen garin sun yi imani gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har ta tsaya gaban wadda za ta gaje ta. Wadda aka nuna ba ta da ikon cewa a'a, ko da aure ya kai ta wani gari.

A bayan gari, cikin daji, Tunguma yake. Bisa al'ada, in an yi sata ko ƙazafi ko rikicin gona da ya gagari dattawa, sai a je gaban dutsin, mai kula da shi ya yi abin da aka gada, a faɗi magana, a jira motsinsa. Mai karatu na iya yarda ko ya ƙi yarda da motsin dutsi. Abin da ba a musu a kai shi ne aikin da ya yi wa jama'a: a ƙasar da babu alƙali babu kurkuku, tsoron Tunguma ya sa ɓarawo ya mai da abin da ya ɗauka, ya sa masu husuma sun koma gida ba tare da an zub da jini ba.

Ranar 16 ga Afrilu 1899

A ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Paris. Suka ce iyakarsu za ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sa'an nan ta yi baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Babu wanda ya shawarci Sarkin Arewa, balle Sarauniya. Faransa ta shirya runduna da za ta bi gefen wannan iyaka har tafkin Cadi, ta damƙa ta hannun kaftin Paul Voulet da kaftin Julien Chanoine, waɗanda suka ci ƙasar Mosi da ƙarfin bindiga a 1896.

Rundunar ta bar bakin Kwara a farkon shekarar 1899. Nasara ba su kai goma ba, sauran sojojin Afirka ne da ƴan dako ɗaruruwa da aka kamo da igiya, da mata da bayi da dabbobi da ke ƙaruwa a kowane zango, ga kuma igwa guda. Irin wannan taro ba ya rayuwa sai da rumbun talaka da rijiyar talaka. Tun a Sansane Hausa suka kashe mutum 101 a rana ɗaya. Suka iso Arewa tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, hatsin bara kuma ya kusa ƙarewa. Wasu masu gari suka ga sassauci ya fi, suka ba da abin da aka nema. Wasu suka watse cikin daji suka bar garuruwansu wa wuta.

Lugu ya ƙi. Sarauniya Mangu ta aika cewa ba za a wuce ta ƙasarta ba, maharba suka taru daga garuruwan Azna na kewaye. Ranar 16 ga Afrilu rundunar ta auka musu. Da harsashi da igwa suka yi yawa, mutanen suka ja cikin kurmi mai ƙaya inda doki ba ya shiga, suka ci gaba da sakin kibiya mai dafi. Bisa lissafin Faransawa da kansu, sun harba harsashi kusan 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Ba su ƙidaya gawawwakin mutanen Lugu ba. Suka ƙone garin suka wuce. Sarauniya ba ta faɗa hannunsu ba.

A ma'aunin soja, Lugu bai ci yaƙin ba. Rundunar ta ci gaba, a farkon watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, ko da yake a takardar 1898 garin na cikin rabon Ingila. Amma ƙarshenta bai yi nisa ba. Labarin ta'asar ya kai Paris, aka aiko laftanan-kanar Klobb ya karɓi jagoranci. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, a wajen Maijirgi. Wata uku ke nan cif bayan yaƙin Lugu. Mutanen Arewa ba su ɗauki wannan a matsayin katari ba. A wurinsu bakin Sarauniya ne ya bi su.

Yadda aka mance da garin

Mutuwar kaftin biyu ba ta hana mulkin mallaka kafuwa ba. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, wani sashe ya kai Cadi, aka kashe Rabe a Kusiri a watan Afrilu na 1900. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tura iyaka kudu, domin Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. Ta haka Lugu da Ƙonni suka tabbata a Nijar, ƴan uwansu Arawa na wajen Kangiwa da Argungu suka zauna a Najeriya.

Nasara ya zo da tsarinsa: kwamanda a sama, sarkin kanto a ƙarƙashinsa, mai gari a ƙasa. Wanda zai tara lanho ya kawo ƴan aikin tilas shi ake nema. A wannan tsani babu matakin da ya dace da tsohuwa mai kaɗin auduga a bukka. Bariki ya zauna Dogon Dutsi, sarautar Arewa ta bar Matankari ta bi shi can, hanyar mota da kasuwa da lakwal da likita suka bi bariki. Masu doki suka sami wuri a sabon zamani, masu ƙasa aka bar su da ƙasarsu.

Sai yunwa ta ƙara nata. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin ɗango na 1931, da farin 1973 da na 1984, kowace ta kwashi mutane daga garuruwan tudu ta kai su inda ruwa yake kusa. Musulunci kuma, wanda takobi bai shigar da shi Lugu ba, ya shigo sannu ta hanyar fatauci da cin rani da auratayya, har ya zama addinin mafi yawan mutanen Arewa. Da yawa daga zuriyar Lugu suka watsu cikin wasu garuruwa, wasu ma ba sa son a tuna musu da asalinsu.

Sarauniyar littafi da Sarauniyar gari

Wanda ya fito da sunan daga kurmi shi ne Abdullahi Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, haifaffen Gudumariya a 1932, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya buga ƙagaggen labarinsa mai suna Sarraounia. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi silima a 1986. A Burkina Faso aka ɗauki hotunan, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, silimar kuma ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Sarauniyar littafin budurwa ce jaruma, mai baka da kwari, mai birni da ganuwa. Wadda tsofaffin Lugu ke ba da labarinta dattijuwa ce mai asiri, wadda makaminta addu'ar gargajiya da kwarjini. Ko hafsan igwar rundunar, Joalland, a littafinsa na 1930, tsohuwa ya kira ta, cikin harshen raini. Marubucin bai yi laifi ba, ƙasa mai neman jarumai ya rubuta wa. Illa dai hoton silima ya rufe na gaskiya, har yaran makaranta suka san Sarauniyar da aka ƙaga, ba su san akwai wadda ke zaune a Lugu ba.

An yi ƙoƙarin gyara wannan. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2007 aka buga littafin Lougou et Saraouniya, wanda Nicole Moulin da Bube Namaiwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka rubuta bisa abin da mutanen garin suka faɗa da bakinsu. Ƙungiyar Tarbiyya Tatali, mai haɗa ƴan Nijar da abokansu na Faransa, ta sa hannu tun farkon shekarun 2000 a harkar makaranta da ruwan sha a garin. Bayan juyin mulkin 2023 kuma, hukumomi suka ƙirƙiro lambar girma ta ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu.

Abin da ya rage

Lambar girma a ƙirjin manya ba ta rage wa matar Lugu nisan rijiya. Damuwar garin ita ce ta kowane ƙauyen tudu: ruwan sha, da hatsin da ba ya kai wa sabuwar kaka, da ƙasar da ta gaji, da samarin da ke tafiya cin rani Yamai da Sakkwato da Legas da Kwatanu da zarar an ɗaure damma. A ƴan shekarun nan rashin tsaro a yankin iyaka da Najeriya ya ƙaru a kai, ya rage baƙin da ke zuwa ziyara.

Akwai kuma asarar da ba a gani da ido. Tarihin Lugu a ƙirjin tsofaffi yake: jerin sunayen sarauniyoyi, da wuraren da aka yi artabu, da sunayen garuruwan da suka aiko maharba, da iyakokin kurmin da ba a sa masa gatari. Kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Ba a bukatar Musulmi ya bar sallarsa kafin ya yarda cewa waɗannan mutane kakanninsa ne, kuma sun tsaya a ranar da tsayawa ke da tsada. Aikin da ke gaban hukumomin Dankasari da Dogon Dutsi, da jami'o'in Yamai da Doso, da ƴan Arewa mazauna birane, a bayyane yake: a ɗauki muryar tsofaffin a rubuta da Hausa, a kare kurmin da filin Tunguma daga gatari da garma, a gyara hanyar da za ta kai malamin lakwal da ɗalibansa su ga wurin da idonsu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Nijar ta ɗauki sunan Sarauniya ta yi ado da shi a gaban duniya. Ya rage ta waiwayi garin da ta aro shi. Allah ya ba Lugu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Arewa lafiya.